Jagorar Farfaɗo da Murjanin da Aka Yi Sakaci da Shi a Tankin Ruwan Gishiri na Gida

Kiwon murjani mai rai a cikin tankin gilashi ya fara kankama ne a shekarun 1970, lokacin da masana irin su Peter Wilkens da masu kiwo na birnin Balin suka nuna cewa ana iya raya waɗannan halittu nesa da teku, muddin aka samar musu da haske mai ƙarfi da ruwa mai motsi da sinadaran da suke gina ƙashinsu da su. Sai dai tankin murjani abu ne mai neman kulawa ta kullum, kuma tafiya mai tsawo ko rashin lafiya ko shagala sukan sa a bar shi watanni ba tare da awo ko sauyin ruwa ba, har gansakuka ta rufe gilashi, launuka su dushe, wasu rassa su zama fari fat. Ginshiƙin aikin farfaɗo da irin wannan tanki shi ne fahimtar cewa ruwan ya lalace ne a hankali, kuma murjanin da ya tsira ya riga ya saba da lalataccen ruwan gwargwadon iyawarsa, saboda haka gyaran gaggawa yakan kashe abin da sakacin watanni ya kasa kashewa.

Yanayin murjani da illar sakaci

Murjani halitta ce daga jinsin dabbobi, ko da yake kamanninsa na tsiro ne ko na dutse, kuma abin da ido ke gani a matsayin reshe ɗaya taro ne na ƙananan halittu masu yawa da ake kira folif, kowacce da bakinta a tsakiya da 'yan yatsu masu harbi kewaye da shi. Jan murjanin da mata ke ado da shi ƙashin wani ɗan uwansu ne mai suna Corallium rubrum, wanda ake samu a Bahar Rum. A cikin naman yawancin murjanin da ake kiwo akwai wasu ƙwayoyin gansakuka masu rai da ake kira zuzantele, waɗanda ke amfani da haske su haɗa abinci su ba murjanin kaso mafi tsoka, shi kuma ya ba su mafaka da dattin jikinsa da suke buƙata a matsayin taki. Idan zafi ko haske ya wuce kima sai murjanin ya fitar da waɗannan ƙwayoyi, namansa ya zama garai-garai har a riƙa hango farin ƙashin da ke ƙarƙashinsa, wannan kuwa shi ake kira koɗewa. Abin da ya faru ke nan a tekunan duniya a 1998 da 2010 da tsakanin 2014 da 2017, kuma a watan Afrilu na 2024 hukumar NOAA ta Amurka ta tabbatar da aukuwar koɗewa ta huɗu a faɗin duniya. Ƙarin digiri ɗaya kacal a kan zafin da murjani ya saba da shi a lokacin bazara ya isa ya jawo haka idan ya ɗauki makonni.

Masu kiwo sun kasa murjani gida uku bisa juriyarsa. Akwai mai taushi, wanda ba ya gina ƙashi mai tauri, kamar Sarcophyton da Discosoma, shi ne kuma mafi jure wahala. Akwai mai ƙashi mai manyan folif, kamar Euphyllia da Fungia, wanda juriyarsa matsakaiciya ce. Sannan akwai mai ƙashi mai ƙananan folif, kamar Acropora da Montipora, wanda shi ne kan fara mutuwa da zarar ruwa ya sauya.

Kariyar jiki kafin a taɓa komai

Kafin hannu ya shiga tankin da aka daɗe ba a kula da shi ba, wajibi ne a sa dogayen safar hannu na roba da tabarau na kariya, domin murjanin jinsin Palythoa da wasu danginsa suna ɗauke da dafin falitoksin, wanda yana cikin dafi mafi ƙarfi da aka sani a halittun teku, kuma sukan bazu a kan duwatsu su ɓuya a ƙarƙashin gansakuka. Dafin yana shiga jiki ta rauni ko ta ido ko ta numfashi, shi ya sa ba a zuba wa dutsen tanki tafasasshen ruwa, ba a dafa shi, ba a kuma kankare shi a cikin rufaffen ɗaki. Hukumar CDC ta Amurka ta wallafa rahoto a 2015 kan mutanen da suka kamu da ciwo ta wannan hanya a gidaje da shagunan jihar Alaska tsakanin 2012 da 2014. Duk wanda ya ji zazzaɓi ko tari ko sarƙewar numfashi bayan aiki a tanki ya garzaya asibiti, ya kuma shaida wa likita abin da ya taɓa.

Kwanakin farko: kallo da awo

Aikin kwana biyu ko uku na farko kallo ne da rubutu. A goge gilashin gaba kaɗai, a ɗauki hoton kowane murjani, sannan a tantance mai rai da matacce, abin da ke buƙatar natsuwa, tun da fari ba koyaushe yake nufin mutuwa ba. Murjanin da ya koɗe yana nan da siririn nama a kan ƙashinsa, yakan fito da 'yan yatsunsa da daddare, kuma a ƙarƙashin shuɗin haske namansa yakan yi ɗan ƙyalli kore ko ja-ja. Matacce kuwa ƙashinsa tsirara yake, gefunansa da kaifi, kuma cikin 'yan kwanaki gansakuka ke soma hawansa. Wanda ya rikiɗe ya zama ruwan ƙasa ba mutuwa yake yi ba, zuzantelen da ke jikinsa ne suka ƙaru saboda yawan taki da ƙarancin haske. Shi kuwa Sarcophyton yakan rufe kansa da wata fata mai santsi na tsawon kwanaki sannan ya saɓule ta ya buɗe, don haka ba a jefar da shi sai an ga yana narkewa yana wari. Ko ƙashin Fungia da ake ganin ya mutu ya cancanci a bar shi a gefe, domin yakan tsirar da 'ya'ya ƙanana bayan watanni.

Daga nan sai awon ruwa, da sababbin kayan gwaji, saboda waɗanda wa'adinsu ya ƙare sukan ba da amsar da za ta ɓatar da mai kiwo. Ma'aunan da ake neman komawa gare su sanannu ne. Zafi ya kasance tsakanin digiri 24 da 26 a ma'aunin Salshiyos, gishiri kuma kashi 35 cikin 1000, wanda ya yi daidai da 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa, ana kuma auna shi da rifraktomita, na'urar da ke gane yawan gishiri ta yadda haske ke lanƙwasa a cikin ɗigon ruwa, bayan an daidaita ta da ruwan gwaji. Alkaliniti, wanda shi ne yawan kabonet da baikabonet da ke cikin ruwa, su ne kuma ke hana shi yin tsami suke kuma shiga ginin ƙashi, ya kasance tsakanin 7 da 9 a ma'aunin dKH. Kalsiyam ya kasance miligiram 400 zuwa 450 a kowace lita, magneziyam 1250 zuwa 1350, naitaret 2 zuwa 10, fosfet 0.03 zuwa 0.1, amoniya kuwa kada a same ta ko kaɗan. Duk sakamakon da aka samu a rubuta shi a littafi tare da kwanan wata, domin tazarar da ke tsakanin abin da aka tarar da abin da ake nema ita za ta nuna yawan makonnin da gyaran zai ɗauka.

Motsin ruwa da zafi

Abu biyu ne kawai ake gyarawa ba tare da jinkiri ba: cire duk abin da ke ruɓewa, da maido da motsin ruwa. Murjani ba ya tafiya neman abinci, ruwa ne ke kawo masa iskar shaƙa ya kuma kwashe majina da datti daga jikinsa, alhali injinan famfo na tankin da aka yi sakaci da shi sukan toshe da ɓawon kalsiyam har ƙarfinsu ya ragu ƙwarai. A ciro su ɗaya bayan ɗaya, a jiƙa su na 'yan sa'o'i a ruwan khal ko ruwan sinadarin tsami na sitirik, a goge da buroshi, a ɗauraye sosai, a kuma duba ko maganaɗisun da ke ciki ya kumbura ko ya yi tsatsa, domin tsatsa tana sakin ƙarafa masu illa a ruwa. Haka za a wanke na'urar kumfa, wadda ke tattara datti a jikin ƙananan kumfa ta tura shi cikin kofi kafin ya ruɓe. Idan an mayar da famfo kada a saita shi kai tsaye a kan murjani mai rauni, saboda ruwa mai ƙarfi yakan yage naman da ya riga ya saki.

Zafin ruwa ana gyara shi da kamar rabin digiri zuwa digiri ɗaya a rana. A ƙasashe masu zafi matsalar sanyaya ruwa ta fi ta ɗumama shi, kuma fanka mai busa saman ruwa takan rage digiri ɗaya ko biyu, ko da yake tana ƙara saurin ƙafewa. Inda ake yawan ɗauke wuta, injin iska mai aiki da batir ko inbata mai riƙe famfo ɗaya abu ne da ba a yi sai da shi, domin iskar shaƙa takan ƙare a tanki cikin sa'o'i kaɗan idan ruwa ya tsaya cik.

Gishiri da sauyin ruwa

Idan ruwa ya ƙafe gishiri ba ya binsa, saboda haka tankin da ba a riƙa cikewa ba gishirinsa yakan hau, wanda kuma aka yi ta cikewa da ruwa zalla ba tare da sauyi ba gishirinsa yakan sauka, tun da wani yana fita ta kofin na'urar kumfa, wani kuma yana bushewa a bakin gilashi. Ko ta wane ɓangare aka kauce, kada gyaran ya wuce kashi 1 cikin 1000 a rana. Ana rage gishiri ta hanyar ƙara tataccen ruwa kaɗan-kaɗan, ana kuma ƙara shi ta hanyar cike gurbin abin da ya ƙafe da ruwan gishiri maimakon ruwa zalla. Ruwan famfo ko na rijiyar burtsatse bai dace ba, domin yakan zo da kulorin ko fosfet ko jan ƙarfe, kuma jan ƙarfe guba ne ga murjani ko da ɗan mitsitsi ne. Abin da ake amfani da shi shi ne ruwan da na'urar tacewa ta RO/DI ta fitar, wanda ma'aunin narkakkun abubuwa ya nuna sifili a kansa. Gishirin girki ma ba ya maye gurbin gishirin teku na musamman da ake haɗawa don tankuna.

Sauyin ruwa shi ne babban magani, amma a ƙanƙance: kashi 10 cikin 100 sau ɗaya ko sau biyu a mako, da ruwan da aka dama tun jiya aka daidaita zafinsa da gishirinsa da na tanki. Lissafi mai sauƙi ya isa ya nuna hatsarin sauyi mai yawa. Idan alkalinitin tanki ya faɗi zuwa dKH 5, sabon ruwa kuma yana da 11, to sauya rabin ruwan zai ɗaga shi zuwa 8 cikin sa'a ɗaya, tsallen da ya isa ya sa Acropora ya zubar da namansa. Sauyin kashi 10 kuwa zai ɗaga shi ne zuwa 5.6 kawai. Ta ɓangaren datti, sauyi bakwai na kashi 10 sukan rage naitaret da kusan rabi idan ba a ci gaba da tara sabo ba. A lokacin kowane sauyi a busa duwatsu da sirinji babba don dattin da ya kwanta ya tashi, a zuƙe shi da siririn tiyo, yashin ƙasa kuwa a share samansa kawai, ɓangare ɗaya a kowane mako. Tsohon yashi mai zurfi yakan tara iskar haidurojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, a inda ya yi baƙi, kuma birkita shi gaba ɗaya yakan hallaka kifi da murjani a dare ɗaya.

Sinadaran gina ƙashi da ragowar abinci

Murjani mai ƙashi yana ɗebe kalsiyam da kabonet daga ruwa kullum, shi ya sa su ne kan yi ƙasa a tankin da aka bari. Magneziyam ake fara gyarawa, da abin da bai wuce miligiram 100 a lita a rana ba, domin shi ke hana kalsiyam da kabonet haɗuwa su kwanta kamar alli a kan famfo da na'urar ɗumama ruwa. Bayan haka sai alkaliniti, wanda ake ɗagawa da sodiyam baikabonet da aka narkar a tataccen ruwa, da rabin dKH zuwa ɗaya a rana, sannan kalsiyam, wanda ake ɗagawa da kalsiyam kulorayid. Ba a zuba waɗannan biyun a lokaci ɗaya ko a wuri ɗaya, kuma kowanne ana ɗiga shi ne a inda ruwa ke gudu da ƙarfi. Alkaliniti tsayayye a kan 7.5 ya fi amfani ga murjani fiye da wanda ke kai da komo tsakanin 7 da 10.

Naitaret da fosfet, waɗanda ragowar abinci da kashin kifi ke haifarwa, su ne takin gansakuka, kuma fosfet mai yawa yana rage ginin ƙashi. Fosfet yana maƙalewa a duwatsu da yashi, yana kuma sake fitowa duk lokacin da aka rage na cikin ruwa, don haka saukar da shi aikin makonni ne. Ana amfani da ƙwayoyin ƙarfe masu shanye shi, waɗanda ake kira GFO, amma a fara da rubu'in abin da kamfani ya rubuta, saboda faɗuwarsa farat ɗaya tana koɗar da murjani. Ba a kuma neman kai su sifili, domin zuzantele suna buƙatarsu, kuma tankin da aka tsotse ƙarƙaf yakan buɗe ƙofa ga dainofilajelet, wata majina mai ruwan ƙasa mai kumfa wadda ta fi gansakukar farko wuyar magani.

Haske

A nan ne aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Watannin sakaci sukan rage hasken da ke isa ga murjani ta hanyoyi da dama, kamar busasshen gishiri a murfi da fuskar fitila, da ruwan da ya yi rawaya, da tsofaffin ƙwayayen fitila irin na T5, waɗanda ake sauyawa duk bayan kamar shekara ɗaya. Idan aka goge murfi, aka sa gawayin tacewa ya washe ruwa, aka kuma sauya fitila duk a mako ɗaya, murjanin da ya saba da duhu-duhu zai koɗe. Kamar dai majinyacin da ya daɗe bai ci abinci ba ne, wanda da kunu ake fara masa kafin a kai ga tuwo. Saboda haka a rage ƙarfin fitila da kashi 30 zuwa 50 cikin 100 kafin a fara tsabtacewa, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan duk mako har tsawon wata ɗaya ko fiye, fitilar tana kunne sa'a 8 zuwa 10 a rana. Murjanin da ya riga ya koɗe a sauke shi ƙasa-ƙasa inda haske ke da sauƙi.

Gansakuka da maƙiya da cuta

Gansakuka mai kama da gashi ana cire ta da hannu da buroshin haƙori, a fara da wadda ke taɓa naman murjani, tiyo yana kusa yana zuƙe ɓurɓushin, sannan a ƙara halittu masu cin ta, irin su dodon koɗi na jinsin Trochus da Turbo da bushiyar teku. Aiptasia, wata halitta mai harbi da ke yaɗuwa a tankin da aka bari, ba a kankare ta, domin kowane guntu yakan zama sabuwa. Ana kashe famfo ne a ɗura mata kaurin ruwan kalsiyam haidoroksayid a baki da sirinji, kaɗan-kaɗan a rana. Murjanin da ake zargin yana ɗauke da tsutsotsi masu faɗi ko wasu ƙwari ana tsoma shi a kwano dabam, cikin ruwan tanki da aka sa wa maganin tsomi ko aidin bisa umarnin kamfani, sannan a ɗauraye shi a wani kwanon, a zubar da ruwan duka. Tsomi ba ya kashe ƙwai, don haka ana maimaita shi mako-mako, a kuma kankare ƙwan da aka gani a gindin reshe.

Idan nama yana saɓulewa daga gindi zuwa sama, yana barin farin ƙashi a bayansa, jira ba ya amfani. A yanke reshen da almakashin ƙashi kamar santimita ɗaya a cikin lafiyayyen nama, sama da layin da ciwon ya kai, a manna guntun a kan ɗan dutse mai tsabta da gam mai kauri na sayanowakirilet, a ajiye shi inda ruwa ke motsi a hankali. A jinsin Euphyllia kuwa, idan wata majina mai ruwan ƙasa ta lulluɓe kai ɗaya, a kashe famfo, a zuƙe majinar, a ciro murjanin a datse wannan kan a wajen tanki, domin cutar takan ci sauran kawuna cikin kwana ɗaya ko biyu. Ceton guntu mai tsawon yatsa yana da daraja ta musamman, kasancewar duk murjani mai ƙashi yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin halittu tsakanin ƙasashe, kuma kowane guntu da aka raya a gida yana rage buƙatar ɗebo wani daga teku.

Ciyarwa da alamun farfaɗowa

Murjanin da ya rasa zuzantelensa ya dogara ne ga abin da bakinsa ya kama. Binciken da Andréa Grottoli da abokan aikinta suka yi a Hawai, wanda mujallar Nature ta wallafa a 2006, ya nuna cewa Montipora capitata da ya koɗe yakan ƙara yawan abin da yake kamawa har ya biya buƙatar jikinsa. Don haka sau biyu ko uku a mako, bayan an kashe fitila, a tsayar da famfo na kwata ɗin sa'a, a ɗiga wa masu manyan folif ƙananan jatan lande da sirinji, masu ƙananan folif kuma garin abinci mai laushi, ba tare da an zarce abin da za su iya haɗiyewa ba.

Alamar farko ta samun sauƙi ita ce fitowar 'yan yatsu da kumburin nama, wanda akan gani cikin mako biyu zuwa huɗu, sai tsayawar layin ciwo, wanda hotunan mako-mako za su tabbatar. Murjanin da ya koɗe yakan fara komawa ruwan ƙasa ne kafin ainihin launinsa ya dawo, abin da kan ɗauki watanni, farin da ke kan tsinin rassan Acropora mai lafiya kuwa sabon girma ne. Akwai kuma alamar da littafin awo kaɗai ke nunawa: idan alkaliniti ya soma raguwa da sauri fiye da da, to murjani ya koma gina ƙashi, kuma lokaci ya yi da za a ƙara abin da ake ɗigawa. A duk tsawon wannan lokaci sabon gyara ɗaya ake farawa a mako, domin idan wani abu ya ɓaci a san musabbabinsa, kuma ba a ƙara sabon kifi ko sabon murjani sai ma'aunai sun tsaya daram na aƙalla wata biyu. Daga nan abin da zai hana komawa gidan jiya kaɗan ne: cike ruwan da ya ƙafe kullum, awon alkaliniti sau biyu a mako, sauyin kashi 10 duk mako ko mako biyu, wanke famfo duk wata uku, da barin rubutaccen umarni ga wanda zai kula da tankin idan tafiya ta kama.